Na sayi tsohon injin let an haɗo ni da akwatunan ƙarafa, me zan ajiye, me zan sayar?

Auwalu Dakata:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Manyanmu nake nema su duba mini wani abu. Allah ya hore mini na sayi injin let, wanda ke juya ƙarfe wuƙa na yankarsa, samfurin Colchester Triumph 2000, daga wata masaƙa da ta daɗe a rufe a Sharaɗa. Dillalin da ya haɗa cinikin ya ce duk abin da ke gindin injin nawa ne, sai aka loda mini akwatin ƙarfe biyu da buhu guda. Da muka zazzage a shago, wasu na san su: cok mai muƙamuƙi huɗu da ke riƙe aiki, faranti, santa mai tsini da ke tokare ƙarshen aiki, bakunan diril. Sauran kuwa sai kallo. Ga hotuna nan. Akwai tarin giyoyi an ɗaure su da waya, ɗaya ta fi sauran girma nesa ba kusa ba. Akwai faifai uku masu ƙananan ramuka layi-layi a zagaye. Akwai wasu ƙarafa kamar guntun bututu masu tsaga a baki, da muƙamuƙai uku da suka ƙi shiga cok ɗina, da wani abu mai fuskar agogo da 'yar giya a gindinsa, sai wani gungumen ƙarfe da sai mutum biyu ke ɗaga shi. Wani ɗan gwangwan har ya taya. Shagon nawa ba shi da yalwa, ku ba ni shawara.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa abokin arziki ne. Tawa shawarar ba ta da tsawo: abin da ya hau injinka ka ajiye, wanda bai hau ba ka kawo mu ɗora a sikeli. Kullum muna ganin irin akwatunan nan. Mutum ya ajiye yana cewa wata rana za su yi rana, tsatsa ta gama da su, ƙarshe 'ya'yansa ne za su turo mana su a kura.

Baba Isyaku:
Alhaji Ado, kai da ma kasuwarka kake wa talla. Auwalu, ko wosha ɗaya kada ta fita daga shagon nan tukuna. Je ka tsaya gaban injin ka duba gadonsa daidai ƙarƙashin cok. Gadon ya miƙe har ya taɓa kan injin, ko akwai giɓi?

Auwalu Dakata:
Akwai giɓi, Baba, ya kai faɗin tafin hannu biyu.

Baba Isyaku:
To gungumen da aka taya maka shi ne ɓallin wannan giɓin. Ana cire shi idan za a ɗora abu mai faɗi, irin babban fuli ko diram ɗin birki, in an gama a mayar. Juya shi ka gani. A samansa akwai tudun nan da shimfiɗar irin ta gado, a jikinsa akwai ramukan noti da ramukan fil. Tun a masana'anta a Ingila ana ɗaure shi a jikin gadon ne sannan a goge su tare, shi ya sa na wani injin ba ya zama daidai a naka ko da samfurinsu ɗaya. Da ya tafi gidan narka, duk aikin da za ka yi kusa da cok teburin da ke ɗauke da wuƙa zai riƙa rataya a kan rami, kuma ba wanda zai ƙera maka wani a garin nan.

In za ka mayar, ka wanke mazauninsa da kalanzir har sai yatsanka bai ji ko ƙwayar yashi ba. Ɗan ɓurɓushin ƙarfe guda in ya shiga ƙarƙashi ya isa ya ɗaga shi. Ka fara da fil, sannan ka ɗaure notina a hankali, wannan kaɗan wancan kaɗan. In ka gama ka shafa farce a kan mahaɗar, kada ka ji tudu.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
To Baba, wannan na sallama. Amma ai ɗaya ne cikin nawa?

Musbahu ɗan koyo:
Oga Auwalu, me ya sa ba za ka ɗauki hotonsu da Google Lens ba? Nan take zai faɗa maka sunan kowanne.

Kabiru Milin Bompai:
Musbahu, gwada da faifan nan masu ramuka mu ji me zai ce.

Musbahu ɗan koyo:
Ya kawo mini murfin magudanar ruwa da faifan injin niƙa nama.

Kabiru Milin Bompai:
Ka ji ko. Hoto ba ya auna komai. Auwalu, faifan nan ba na let ba ne ma sam, na kan rabo ne da ake ɗorawa a teburin injin milin idan za a yanka haƙoran giya ko a fitar da kusurwa shida a kan noti. Goge su da tsumma da man gas, za ka ga lamba a gefen kowane layin ramuka. In tsarin Brown & Sharpe ne, faifan farko 15, 16, 17, 18, 19, 20 ne, na biyu 21, 23, 27, 29, 31, 33, na uku 37, 39, 41, 43, 47, 49. Yawancin kan rabo sai hannu ya zaga sau 40 aikin ke zagawa sau ɗaya. In kana son haƙori 36, ka raba 40 da 36, ka sami zagaye ɗaya da ɗaya bisa tara, wato zagaye ɗaya da rami 2 a layin 18, ko rami 3 a layin 27. Kan rabo da yawa na yawo a Kano ba faifai, saboda irin wannan lodin da ake yi, inji ya bi gabas kayansa su bi yamma. In lambobin sun yi daidai da ramin tsakiyar nawa ni ma ina so.

Auwalu Dakata:
Na goge. Lambobin da ka faɗa ne daidai, sai dai na ukun 47 ɗin ta shafe, amma na ƙirga ramukan sun cika.

Injiniya Nafi'u:
Bari in sa baki kafin a ci gaba da yi ɗaya-ɗaya, don hanyar ta fi amfani ga masu karatu a ɓoye. Hotunan da ka tura, Auwalu, babu ma'auni a cikinsu, kuma kayan a cakuɗe suke da baƙin mai. Da ido kawai ba a raba girman tefar Morse, MT3 da MT4, a hoto. Ka jiƙa su a kalanzir ko man gas, ka bi su da buroshi, amma kada giranda ko samfefa mai kaushi su taɓa duk wurin da aka goge ya yi santsi, musamman tefa, wato gindin nan mai tsukewa. Kusan duk kayan kirki akwai rubutu a jikinsu, maiƙo ne ya rufe. In rubutun ya dusashe ka goga alli a kai ka share da yatsa, farin zai zauna cikin lambobin ka karanta. Bayan nan ka ɗauki baniya, ma'aunin kaurin nan mai baki biyu. Kowane abu ka ba mu kauri, tsawo, in akwai tiredi ka faɗi a ciki yake ko a waje. Ka ajiye rula a gefe kafin ka ɗauki hoto.

Masu gindi mai tsukewa su ne suka fi sauƙi. Tefar Morse tun shekarun 1860 ake amfani da ita, Stephen Morse ne ya fito da ita a Amurka, kuma ma'auninta bai canja ba. Ka auna inda ta fi kauri: MT1 kusan milimita 12.1, MT2 17.8, MT3 23.8, MT4 31.3, MT5 44.4. Sannan ka auna bakin ramin wutsiyar injinka, ɓangaren da ke ɗaya ƙarshen gado yana fuskantar cok. Wanda ya yi ƙanƙanta ba a zubar da shi, akwai riga da ake sa masa, daga 2 zuwa 4 ko daga 3 zuwa 4, kuma na hango guda biyu a kusurwar akwatinka na hagu.

Auwalu Dakata:
Ramin wutsiyar 31 da 'yan kai ne. Santa biyu sun shiga sun kama. Akwai ta uku, kaurinta kusan ɗaya da su, tana shiga amma tana girgiza.

Baba Isyaku:
Kada ka buga ta da guduma ka ce ta zauna. Zana layi uku da alƙalamin maka daga sama zuwa ƙasa a jikinta, ka sa ta a ramin, ka ɗan murɗa da hannu rabin zagaye ka zare. In tefar ɗaya ce tawadar za ta goge tun daga sama har ƙasa. In a baki kawai ta goge ko a gindi kawai, wata tefa ce daban, don ban da Morse akwai Brown & Sharpe akwai Jarno, duk suna kama a ido. Irin wannan in ka matsa mata ramin wutsiyar za ta ɓata maka, daga nan duk diril da ka sa sai ya juya a ciki.

Auwalu Dakata:
A baki kawai ta goge, Baba. Na ware ta gefe.

Injiniya Rabi:
Salam. Masu tsaga a baki ɗin nan kolet ne, ana sa aiki ko wuƙa a cikinsu a tsuke su riƙe, kuma ba iri ɗaya ba ne, na ga aƙalla kala biyu a hoton. Dogayen nan sirara masu ɗan kwari a gefe, in kaurin jikinsu ya kai milimita 24 da ɗigo kuma tiredinsu a ciki yake ta gindi, R8 ne, na injin milin ɗin Bridgeport da masu kwaikwayonsa. Gajerun masu kauri, jikinsu inci ɗaya da kwata, wato 31.75, tiredi a waje, 5C ne. Waɗannan let na iya amfani da su in ka sami cok ɗinsu, kuma aikin ƙananan shaf da fil sun fi cok mai muƙamuƙi uku riƙewa daidai. Sai dai ku lura, R8 da 5C girman da aka rubuta a goshinsu shi kaɗai suke kamawa. In an rubuta rabin inci kada a cusa masa milimita 12, zai tsage ko ya saki aikin. ER ne, irin wanda kamfanin Rego-Fix na Suwizalan ya fito da shi a shekarun 1970, ke iya tsukewa har kusan milimita ɗaya, shi kuma tsagarsa ta sama da ƙasa ce, ban ga irinsa a hotonka ba.

Kabiru Milin Bompai:
Hajiya ta riga ni. R8 ɗin nawa ne in za a sayar, Bridgeport gare ni. Tunda an zo nan, ku bar ni in yi wa masu milin gargaɗi a kan sandar da ke jan kolet ta sama. Ta R8 tiredinta 7/16 ne mai zare 20 a inci. Amma masu tefa 40 nan ake shan wahala, don na Turai M16 ne, na Amurka 5/8 mai zare 11. Kaurinsu kusan ɗaya, 16 da 15.9. Sandar za ta shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau sannan ta cije, yaro ya ɗauko sifana ya ƙara ƙarfi, shi ke nan an kashe duka biyun.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Ni fa har yanzu ban ga inda na yi kuskure ba. Faifai na Kabiru, kolet na Kabiru, santa ɗaya ba ta kowa. Abin da na ce ke nan, ba na injinsa ba ne, ya rabu da su.

Injiniya Rabi:
Alhaji, ka ce a ɗora a sikeli. Tsakanin kuɗin kilo da kuɗin kolet akwai tafiya. Je ka tambayi masu kayan aiki a Sabon Gari nawa za su kawo maka saitin R8 sabo da canjin dala na yanzu.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Ai mu ma ba komai muke turawa narka ba, Hajiya. Muna ware mai kyau, kuma rabin mutanen zauren nan a wurinmu suke tsintar abin da suka rasa. Da ba ma saya, da a bola za ku neme su.

Baba Isyaku:
Wannan gaskiya ce, ba a hana ka ita. Matsalar ita ce in kaya suka zo hannunku sun rabu da danginsu. Giya ɗaya a wannan tarin, 'yar'uwarta a wancan, ba wanda ya san daga wane inji suka fito. Yanzu da suke ɗaure da waya ɗaya ne suke da daraja. Auwalu, ƙirga mini haƙoran babbar.

Auwalu Dakata:
Na sa alli a haƙorin farko na ƙirga, Musbahu ma ya zo ya ƙirga. 127.

Musbahu ɗan koyo:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, sauran duk 20, 30, 40, 45, 60 ne. Me ya kawo 127?

Injiniya Nafi'u:
Tambaya mai kyau. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif. Ka ninka 25.4 sau 5, ka sami 127, kuma 127 ba ta rabuwa da komai sai kanta da ɗaya, saboda haka babu ƙaramar giya da za ta yi wannan aikin ba tare da kuskure ba. Injin da doguwar sandar tiredinsa ta inci ce, da wannan giyar yake yanka tiredin milimita. Ganinta tare da tarin nan yana nuna na wani tsohon let ne, irin wanda ake canja giya da hannu duk lokacin da za a canja tiredi. Triumph 2000 yana da akwatin giya da ke ba da inci da milimita, duba farantin da ke gabansa za ka ga jadawalin. Buɗe murfin gefen hagu ka gwada ramin tsakiyar ɗaya da na giyoyin da ke kai, amma ina sa ran ba za su yi daidai ba.

Kafin ka yi tallarsu ka san girman haƙorin. Ɗauki ta 40 ka auna faɗinta daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori.

Auwalu Dakata:
66.7.

Injiniya Nafi'u:
To ga lissafin, kowa ya riƙe. Ka ƙara 2 a kan yawan haƙora, ya zama 42. In giyar milimita ce, ka raba 66.7 da 42, ya ba ka 1.59, babu wannan a jerin modul, wato girman haƙori na milimita, da 1.5 ce da faɗin 63 ne. In ta inci ce, 66.7 inci 2.625 ke nan, ka raba 42 da shi ya ba ka 16 cif. Saboda haka 16 DP ce, wato girman haƙori a lissafin inci. Babbar kuma ya kamata ta kai kusan milimita 205. Wanda zai saya sai ya dubi wannan, da ramin tsakiya, da kwarin makulli, da kaurin giyar. Akwai kuma kusurwar haƙori, tsofaffi da yawa digiri 14 da rabi ne, na baya-bayan nan 20. In aka haɗa masu kusurwa daban za su juya, amma da kuka, kuma za su cinye juna.

Baba Isyaku:
Abin mai fuskar agogo shi ma na tiredi ne. Ana ɗaure shi a gefen teburin wuƙa, 'yar giyar ta hau kan doguwar sandar, lambobin su riƙa juyawa, kai kuma ka san lokacin da za ka kama don wuƙa ta koma cikin zaren da ta fara. Duba gefen dama na teburinka, in akwai ramin noti da ba komai a kai, gwada shi. Mu da muka koyi aiki a masaƙu, da wannan aka fara gwada mu. In ka kama a lambar da ba ita ba, wuƙa ta raba zaren biyu, maigida ya ɗauko shaf ɗin ya ajiye maka a gabanka ya yi tafiyarsa ba tare da ya ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Kuma na ga wata gwangwanin madara cike da tap, abin yanka tiredi a cikin rami, a hoton farko ba wanda ya kula ta. Ka karanta jikinsu. In masaƙar da injunan Ingila ta yi aiki, za ka tarar da BSW da BSF da yawa, wato tiredin Whitworth na Ingila. Tiredin Whitworth kusurwarsa digiri 55, na milimita da na Amurka 60. Rabin inci na Whitworth zare 12 ne a inci, na Amurka UNC 13. Ka ajiye su. Masu tsofaffin injunan niƙa da janareton Lister suna zuwa neman notin da babu shi a kasuwa, kai ne za ka yi musu. Wanda aka rubuta BSP kuma na famfo ne, har gobe da shi ake aiki, rabin inci zare 14.

Auwalu Dakata:
Agogon ya hau, Baba, notinsa ma na cikin buhun. Allah ya ƙara girma. Saura muƙamuƙan nan uku, da wani faranti na bayan cok da ban nuna ba, mai ƙafa uku. Hancin injina rami shida gare shi.

Injiniya Rabi:
Hancin naka samfurin D1-6 ne, ƙafa shida masu kaurin 7/8 na inci. Auna ƙafar wancan. In 5/8 ce, kusan milimita 15.9, D1-4 ne, irin na Colchester Student 1800 ko Harrison M300. Muƙamuƙan kuma duba cikin kwarinsu ko gefensu, za ka ga 1, 2, 3, da wata doguwar lamba iri ɗaya a dukkansu. Wannan lambar tana jikin cok ɗin da aka yi su tare. Yawanci cok mai muƙamuƙi uku saiti biyu yake zuwa da shi, na riƙon ciki da na riƙon waje, to ɗaya saitin ne ya faɗo akwatinka. Kuma tunda ana maganar hanci, in ka ɗaura cok ka tabbata layin kowane makulli ya tsaya tsakanin alamun V biyun nan. Farantin da babban cok mai huɗu kuma kada ka kai su gudu 2000 don injin yana kaiwa, ka duba iyakar da aka rubuta a jikinsu.

Kabiru Milin Bompai:
Tsaya. A masaƙar nan akwai ƙaramin let kusa da naka? Don na san wani bawan Allah a Kurna da ya sayi Student daga Sharaɗa kwanakin baya, yana ta cigiyar muƙamuƙan waje. Har wurina ya zo.

Auwalu Dakata:
Akwai shaidar inda aka cire wani inji a gefen nawa, ramukan noti na nan a siminti. To yanzu in nasa ne yaya ke nan? In ba shi ko in sayar masa? Ni dai da kuɗina aka ce duk nawa ne.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Ciniki ya faɗa, an sallama, an loda maka a gaban shaidu. Naka ne halak malak. Ka yi masa sauƙi in ka ga dama, amma ba kyauta ba. Shi me ya hana shi duba kayansa kafin ya bar wurin?

Baba Isyaku:
Muƙamuƙin cok ɗin wani a hannunka takalmi ƙafa ɗaya ne, ba ka sawa ba ka sayarwa sai ga mai ɗayar ƙafar. Don ka san ba shi da wata hanya sai ka tsuga masa kuɗi? Ni a iya sanina a sana'ar nan ba a haka. Ka ba shi, gobe kai ne za ka je aron rima.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Baba, zamanin da kuka yi aiki albashi ake biyanku. Yaron nan bashi ya ci ya sayi inji, ga kuɗin wuta, ga man janareto.

Malam Habibu:
Ku yi haƙuri in ce wani abu, ni ba ma'aikacin ƙarfe ba ne sosai, walda nake yi. Maganar ta rataya a kan abin da aka faɗa wa mutumin Kurna. In shi ma ce masa aka yi an sayar masa da inji da kayansa, kuma a al'adar masu wannan sana'a cok da muƙamuƙansa abu ɗaya ne, to an riga an sayar masa da su kafin a loda wa Auwalu, mai kaya ya sayar da abu ɗaya sau biyu ba da saninsa ba. In kuwa ce masa aka yi ga inji yadda ka gan shi, to maganar Alhaji Ado ta fi ƙarfi. Dillalin yana raye, a kira shi a tambaye shi. In abin ya shige duhu a kai wa malamin da ya san babin ciniki, kada mu yanke a nan.

Injiniya Rabi:
Kafin a kai ga malamai, ni wata tambaya zan yi. Auwalu, a cikin kayan nan ka ga matokarin dogon shaf, mai yatsu uku da ake ɗaurewa a kan gado? Ka ga ƙaramin mai yatsu biyu da ke bin wuƙa? Ban gan su a hoto ko ɗaya ba, kuma masaƙa ba ta rasa su, aikinsu duk dogayen rola ne. Masu lodin da suka zuba kayan Student a akwatinka su ne suka loda wa mutumin Kurna nasa. Ba mamaki abin da ka rasa yana can yana tare masa wuri.

Auwalu Dakata:
Wallahi babu ko ɗaya, kuma jiya ma wani ya kawo shaf ɗin injin casar shinkafa na ce ya dawo. Oga Kabiru, taimaka ka kira shi.

Kabiru Milin Bompai:
Na kira. Ya ce akwai wani babban mai yatsu uku da ya ƙi zama a gadonsa, ya yi masa tsawo, har ya yi niyyar kai wa su Alhaji Ado. Na ce ya auna daga inda yake zama a gado zuwa tsakiyar zoben. Student 1800 inci 6 da rabi ne, Triumph 7 da rabi, kusan milimita 190. Ya ce in ya koma shago zai auna, zai kuma turo lambar da ke jikin cok ɗinsa.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Kun ga kun hana ni ciniki biyu a rana ɗaya. Allah ya isa ban ce ba, amma a tuna da ni a ragowar.

Musbahu ɗan koyo:
Saura wancan ƙarfen mai kusurwa da ramuka huɗu masu zobe a ciki, da hannu a gefe. Ba wanda ya ce komai a kansa.

Injiniya Nafi'u:
Babu sunan kamfani a jikinsa, kuma akwai walda a gindin hannun, saboda haka a cikin masaƙar aka ƙera shi. Zobban nan masu tauri na jagorar bakin diril ne, ana ɗaure wani sashe a ciki a huda ramuka huɗu wuri ɗaya kullum. Ba za a same shi a kundin kowane kamfani ba. Sashen da aka yi shi dominsa kuwa, sai wanda ya yi aiki a wannan ɗakin.

Baba Isyaku:
Ya yi mini kama da na huda maƙallan injin saƙa, amma injunan kowace masaƙa daban. Ka cire zobban ka ajiye, ƙarfe ne mai kyau. Ko kuma ka bar shi yadda yake zuwa Juma'a, akwai wani tsohon abokin aikina da ya yi shekaru a Sharaɗa, muna haɗuwa a masallaci, zan nuna masa hoton.

Alhaji Ado Ƙofar Ruwa:
Wannan dai ko Baba ya yarda nawa ne.

Baba Isyaku:
Bayan Juma'a.

Kabiru Milin Bompai:
Auwalu, ya turo. Tsayin 190 ne, kuma lambar cok ɗinsa ta ƙare da lambobin da ka karanto mini a muƙamuƙan. Ya ce mai yatsu biyun bai gan shi ba, amma akwai buhu ɗaya da bai zazzage ba. Gobe bayan la'asar zan biyo ta Dakata in ɗauke ka, ka riƙo muƙamuƙan da farantin mai ƙafa uku, ka sa mini faifan da kolet ɗin a leda daban mu yi maganarsu a hanya. Ka zo da baniyarka.